Ƙofar da Na Sa Aka Buɗe

A farkon kullen korona na 2020 akwai wata magana da na riƙa yi ina jin kaina mai hikima. Duk wanda ya kawo min kukan zaman gida sai in ce ya je ya ɗauki darasi wurin sistoci, su da suka kulle kansu da hannunsu tun gwamnati ba ta yi mafarkin kafa doka ba. Ƙanwar mahaifina ta shiga gidan sistocin Katolika tun ban iya tafiya ba, don haka nake ganin babu abin da za a faɗa min game da rayuwarsu. Ashe iyakar sanina bakin ƙofa ne da ɗakin baƙi.

Mu Hausawa ne mabiya ɗariƙar Katolika, asalinmu ƙauyukan Malumfashi, aiki ne ya kawo ni Kaduna. Gidan su Gwaggo yana bayan gari, kuma ba zan kama sunansa ba, don laifin nawa ne ba nasu ba. Ƙaramin gida ne, da makarantar firamare a gefe, can baya kuma ɗakunan sistocin da tsufa ya sa suka ajiye aiki. Da aka rufe makarantu da majami'u da masallatai a ƙarshen Maris, babbar Sista, wadda suke kira Uwa, ta sa aka garƙame ƙofa. Ba shiga, ba fita, sai wani dattijon Fada da ke maƙwabtaka da su, wanda ke zuwa da sassafe ya yi musu Mas.

Ba zan ce ban san halin da duniya ke ciki ba. Ranar 27 ga Fabrairu aka tabbatar da mutum na farko a Legas, wani Ba'italiye. Ranar 27 ga Maris na ga Fafaroma Faransis a talabijin, tsaye a dandalin Bitrus Mai Tsarki, ruwa na zuba, yana sa albarka ga filin da babu jama'a. Washegari gwamnan Kaduna da kansa ya ce ya kamu. Duk da haka a raina cutar ta masu hawa jirgin sama ce, mu 'yan bakin titi me ya haɗa mu da ita?

Ranar da aka sassauta doka don a yi cefane, na kutsa kasuwa, kafaɗa na gugar kafaɗa, na sayi shinkafa da wake da galan ɗin manja. Daga can na zarce gidan su Gwaggo ko gida ban biya ba. Mai gadinsu wani tsoho ne Musulmi da ya daɗe da su, ga butarsa ga buzunsa a gindin darbejiya. Ya leƙo ta ƙaramar ƙofa.

"Yallaɓai, ajiye a nan, za a zo a ɗauka. Uwa ta ce ko ƙanen Fada ne kada in buɗe."

"Haba Baba, ni ne fa. Yau ka fara ganina? In gaida Gwaggo kawai in fito."

"Ka rufa min asiri, ɗana."

Ban rufa masa ba. Na tuna masa da maganin da na taɓa saya wa matarsa, na cusa masa ɗan na goro a aljihu, na tsaya ina kallonsa har kunya ta sa ya zare sakata. Bokitin ruwa da sabulu na nan a bakin ƙofa, na wuce su. Takunkumina yana aljihu.

Na tarar da tsofaffin su uku a inuwa suna ɓarar gyaɗa a faifai. Na durƙusa na kama hannun kowacce da hannu biyu, yadda aka koya min tun ina yaro. Babbar cikinsu ta haura tamanin, idonta ya kusan tafiya, sai ta ɗora tafinta a fuskata tana shafawa don ta gane ni. Ana haka Gwaggo ta fito daga ɗakin girki, ta ja ta tsaya daga nesa. Ba lale, ba sannu da zuwa.

"Wa ya buɗe maka?"

Raina ya ɓaci. Ni da na ɗauko kaya niƙi-niƙi! Na ce, "Gwaggo, ku da ke addu'a dare da rana, har ku ma tsoron mura kuke? Tsautsayi ai ba ya wuce ranarsa." Ta dube ni ta ce, "Tashi ka tafi. Allah ya kiyaye hanya." Na fita ina huci, a mota ma ina ta tsara yadda zan kai ƙararta wurin mahaifina.

Ba a jima ba zazzaɓi ya kayar da ni, ga busasshen tari, ga ciwon gaɓoɓi. A lokacin ɗakunan gwaji 'yan ƙalilan ne a ƙasar, kuma an fi duba wanda ya dawo daga waje ko ya yi cuɗanya da wanda aka tabbatar ya kamu. Mai kemis ya ba ni maganin maleriya. Abin da na fi jin kunyarsa a duk labarin nan shi ne na so in yi shiru. Matata ce ta tsaya a kaina ta ce in ban kira Gwaggo ba ita za ta kira. Na kira ana gobe Lahadin Dabino.

Uwa ba ta tsaya jiran sakamakon da ba zai zo ba. Ta ce kowacce ta koma ɗakinta na mako biyu. Aka aika wa Fada kada ya zo, don shi ma tsoho ne. Abinci a kan kujera a bakin ƙofa, a ƙwanƙwasa a wuce. Haka Makon Mai Tsarki ya same su, haka Ista ta 12 ga Afrilu ta same su, babu Mas, babu Tarayya, babu kyandir ɗin daren Asabar. A rediyo suka saurara.

Sai daga baya, da Gwaggo ta huce, ta fahimtar da ni abin da na raba su da shi. Ni a zatona zaman gidan sistoci zaman kaɗaici ne. Ina! Tsintsiya ce maɗaurinta ɗaya. Mace in ta yi alkawarin nan uku, na talauci da na ƙin aure da na biyayya, ta bar gidan ubanta ne ta shiga wani gidan da ya fi shi cuɗanya: tukunya ɗaya, asusu ɗaya, ƙararrawa ɗaya. Ita ke tashinsu, ita ke kiransu addu'ar safe da ta tsakar rana da ta yamma da ta kwanciya. Zabura ma ba kowacce ke karanta tata ba. Sahu biyu suke zama suna fuskantar juna, wannan gefe ya ja aya, wancan ya karɓa. A makonnin nan ana kaɗa ƙararrawar kamar kullum, kowacce ta buɗe ƙofarta kaɗan ko za ta jiyo muryar 'yar'uwarta a baranda. Gwaggo ta ce sau da yawa takan karanta aya ta yi shiru tana jiran amsa, sai can ta tuna ita ce za ta amsa wa kanta.

Tsohuwar da ta shafa fuskata ita ta fi shan wuya. Ta saba kullum da yamma a zauna kusa da ita a ja carbi tare. Yanzu mutum ɗaya ke shiga wurinta, fuska a rufe, hannu cikin safa, a gaggauce. An yi mata bayani ta manta, an sake ta manta. Kullum tambayarta ɗaya: me ta yi aka guje ta?

Allah ya rufa asiri, babu wadda ta kwanta. Ni ma na miƙe. Kuma da yake ɗan Adam ba ya rasa abin kare kansa, na fara cewa a raina ai ga shi ba abin da ya faru, Uwa ce ta cika tsanani.

A watan Yuli labarin Liboniya ya fito, wani gari kusa da Ditiroit a jihar Mishigan ta Amurka. Akwai gidan sistocin Felishiya a can, ƙungiyar da aka kafa a Warso ta ƙasar Folan a 1855. Sun rufe ƙofa ga baƙi tun tsakiyar Maris, sun daina cin abinci a tare yadda suka saba, amma cutar ta sami hanya. Daga 10 ga Afrilu zuwa 10 ga Mayu sistoci 12 suka rasu, ta 13 ta bi su ranar 27 ga Yuni. Ƙaramarsu shekara 69, babbarsu 99. Kusan ɗaya cikin biyar na mutanen gidan ke nan. Akwai malaman makaranta a cikinsu, akwai ma'aikaciyar jinya, akwai mai kula da laburare. Al'adarsu ce su kewaye gadon mai barin duniya da addu'a, su kuma taru kafin jana'iza kowacce ta faɗi abin da ta tuna game da mamaciyar. Duk bai yiwu ba. Mutum goma kawai aka yarda su je bakin kabari, sauran suna ɗaki.

Na sake duba kwanan watan. Ta farko ta rasu ranar Juma'a Mai Tsarki, ranar da su Gwaggo ke kulle a ɗakunansu saboda ni. Waɗancan suna ƙasar da ke da manyan asibitoci, sun bi doka, kuma ba wanda zai ce addu'arsu ta gaza ta kowa. Su Gwaggo kuwa ba su da komai sai sakata da bokitin ruwa da tsohon mai gadi, ni kuma na tsallake duka ukun. Na kira shi zumunci, amma da don su na je da na ajiye kayan a bakin ƙofa. So nake a gan ni da kaya, a sa min albarka, in koma in ce na yi abin kirki a lokacin wahala.

Na je na durƙusa gaban Uwa da Gwaggo bayan an buɗe gari, a tsakar gida, da takunkumi. Sun ce sun yafe. Tsohuwar ba ta ma san ni ne sanadi ba, kuma Gwaggo ta hana ni faɗa mata, ta ce nauyin nawa ne, kada in sauke shi a kanta.

Saura mutum ɗaya. Baba mai gadi ya sha faɗa a ranar, bai kuwa faɗi cewa ni na matsa masa ba, ya ce sakacinsa ne. Ba a kore shi ba. Amma da hanya ta buɗe ya naɗe buzunsa ya ce za shi gida ganin iyali, bai dawo ba, lambarsa kuma ta daina shiga. Baba, in kana raye, in kuma wani ya karanta maka wannan, kai ka ce kada in shiga, ni na ƙi ji. Don Allah ka yafe min.