Cushen Hanta Ba Tare da Burodi Ba

A yankin Falz da ke kudu maso yammacin Jamus, akwai wata mata ƴar mahauci wadda ta haura shekara hamsin, ta kuma tashi da ɗanɗanon abu guda a bakinta: cushen hanta, wanda Jamusawa ke kira Leberwurst. Hanta ce ake niƙawa tare da dafaffen nama mai kitse da soyayyar albasa, a zuba gishiri da masoro da wani ganye mai ƙamshi da ake kira majoran, a ɗura cikin hanji, sannan a sulala shi a ruwan zafin da bai kai ga tafasa ba. Idan ya huce sai ya yi laushi kamar man shanu, a lakato da wuƙa a shafa a kan baƙin burodi. Haka mahaifinta ya ci shi, haka kakanta, har ya zama a wurinta cushen da burodin tamkar ɗan juma ne da ɗan jummai.

Da jiki ya fara yi mata nauyi, likita kuma ya ja kunnenta game da sukarin jininta, sai ta zaɓi bin tsarin cimar da ake kira faliyo, wato cimar mutanen zamanin dutse. Tsarin ya samo ƙarfinsa ne daga Amurka. A shekarar 1985 Boyd Eaton da Melvin Konner suka wallafa maƙala a kan abincin mutanen farko, a 2002 kuma Loren Cordain ya fitar da littafin da ya yaɗa shi a duniya. Hujjarsu ita ce jikin ɗan Adam ya saba da abincin mafarauta da masu tsintar ƴaƴan itace, alhali noma bai fi shekara 10,000 zuwa 12,000 da farawa ba. Saboda haka mai bin tsarin yakan ci nama da kifi da ƙwai da ganyaye da ƴaƴan itace, ya bar hatsi da wake da gyaɗa da madara da sukari. Burodi shi ne na farko da ake kora daga faranti.

Masana tarihi ba su yarda da wannan hujja gaba ɗaya ba. A Ohalo, bakin tafkin Galili, an gano alamun cewa mutane na niƙa hatsin daji shekara 23,000 da suka wuce, a Jodan kuma an tono ɓurɓushin gurasar da ta girmi noma. Matar ta san da wannan, ba ta kuma ɗauki tsarin a matsayin addini ba. Abin da ta gani shi ne rage gari da zaƙi ya yi mata amfani. Tambayar da ta rage mata ita ce ko za ta iya barin burodi ba tare da ta bar abincin gidan ubanta ba.

Ta fara da karanta takardar da ke jikin cushen kanti, nan ta tarar da abin da ba ta zata ba. Da yawansu na ɗauke da garin madara, ko sukari, ko sitaci, ga kuma gishirin adana nama. Dokar Amurka ta ce irin wannan cushe kada hantarsa ta gaza kashi 30 cikin 100, abin da ke nuna cewa sauran na iya zama abubuwa dabam-dabam. Karatun takardar ya fi zama wajibi ga wanda ba ya cin naman alade, domin yawancin cushen hanta na Jamus da shi ake yi, kuma ko wanda aka yi wa laƙabi da sunan ɗan maraƙi yakan ƙunshi alade. Ana yin na zallar hantar saniya ko rago ko kaza, sai dai a neme shi da suna, ko a yi shi a gida.

Ita gida ta koma. Takan ɗauki hanta kashi ɗaya, nama mai kitse kashi biyu, ta soya albasa har ta yi ja, ta niƙa duka da ɗuminsu, ta zuba a ƙananan kwalabe maimakon hanji, ta sulala. Masu tsaurin ra'ayi a tsarin faliyo ba sa ƙara gishiri, amma ita takan barbaɗa kaɗan, don cushen da babu gishiri lami ne.

Daga nan sai ta tambayi kanta wane aiki burodi yake yi tun asali. Ta gano ayyuka uku: yana ɗaukar cushen zuwa baki, yana ba haƙori abin taunawa, tsaminsa kuma yana yanke maiƙo. Duk abin da zai iya yin waɗannan ayyuka zai iya maye gurbinsa. Kokwamba da aka yanka da kauri tana ɗauka, tana kuma ƙaras-ƙaras. Yankan tuffa mai ɗan tsami ya fi ta, domin Jamusawa sun daɗe da sanin cewa hanta da tuffa da albasa abokan juna ne. A Balin da su ake soya hantar ɗan maraƙi. Ganyen latas yana naɗe cushen tare da ɗanyar albasa da ɗigon mustad. Tattasai da aka tsaga biyu yana zama cokali da kansa. Ranar da take son abin da zai riƙe ciki, takan gasa yankakken dankalin Hausa har gefensa ya ƙone kaɗan, ta shafa cushen a kai yana narkewa.

Da safe takan dafa ƙwai, ta raba biyu, ta kwaɓa gwaiduwar da cushen, ta mayar cikin farin. Da sanyin hunturu kuwa takan yanka mai ɗan tauri ta soya shi sama-sama da albasa, ta ci da kabeji mai tsami. Wannan na ƙarshe ba sabon abu ba ne, domin da ma haka ake cin sa a ranar yanka a ƙauyukan Jamus. Dankalin Turawa kawai ta janye.

Ranar yankan nan ita ce asalin abincin. Kafin zuwan firij, iyali kan yanka dabbarsu idan sanyi ya shigo. Tsokar nama tana jure gishiri da hayaƙi na watanni, amma hanta ba ta da haƙuri, dole a sarrafa ta a ranar. Duk wanda ya ga yadda ake fara gyara kayan ciki ranar layya ya san wannan dalili. Romon da aka sulala cushen a ciki ma ba a zubarwa, ana aika wa maƙwabta. Abin da masu faliyo ke wa'azinsa a yau, cewa a ci dabba daga kai har wutsiya, talauci ne ya koya wa kakanninta shi tun da daɗewa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Sai dai zuma da zaƙi take da harbi. Hanta na cike da sinadarin ƙarfe da bitamin B12. A 1926 likitoci George Minot da William Murphy suka nuna cewa cin ta yana ceton masu wani mugun ciwon ƙarancin jini, aka kuma ba su kyautar Nobel a 1934 tare da George Whipple. Amma ita ce kuma rumbun bitamin A, wanda jiki ke tarawa, ba ya zubar da rarar da sauri. Abokan tafiyar Willem Barents da suka ci hantar farar dabbar ƙanƙara a 1597 sun kwanta ciwo har fatarsu ta saɓule. Hantar saniya ba ta kai wannan ba, duk da haka hukumar lafiya ta Ingila na shawartar masu cin ta kada su wuce sau ɗaya a mako, mai juna biyu kuma ta ƙaurace mata.

A nan ne rashin burodi yake da haɗarinsa. A da, burodi ne ke cika ciki, cushen kuwa shafi ne kawai. Wanda ya cire burodi zai iya mayar da shafin ya zama tuwo, ya ci ninki uku bai sani ba, ga gishiri ga kitse. Don haka matar ta kafa wa kanta ƙa'ida: cokali biyu ko uku a zama guda, ganye ya fi cushen yawa a faranti, kuma ba kullum ba. Kwalaben da ba za ta buɗe cikin ƴan kwanaki ba takan daskarar da su, wadda ta buɗe kuma ba ta barin ta ta daɗe, domin hanta ko an dafa ta, halinta na rashin haƙuri yana nan.