Farin tabo ba kuturta ba ne

Ƴan uwana mata, akwai farin tabon da ka fitowa a fuska ko hannu, likitoci na ce mashi bitiligo. Jiki ne da kanshi ke kashe abin da ke ba fata launi. Ba a ɗaukar shi wajen gaisuwa ko cin tuwo ƙwarya guda.

A ƙungiyarmu ta Bader Goula ya fito ma wata mai sai da fura. Aka ce kuturta ce, masu saye sunka watse, har zubin mako ya gagare ta. Munka buɗe asusun taimako, munka biya mata kuɗin mota zuwa asibitin Danja, kusa da Maraɗi, inda anka san kuturta sarai. Sunka ce ba ita ba ce.

Magani sai haƙuri. Man shafawa mai kortizon, likita ke faɗin tsawon kwanakin shafa shi, don in ya daɗe yana cinye fata. Irin shi ne cikin man sa fari na kasuwa, kada ku yarda. Akwai kuma haska fata da na'ura, sau 2 ko 3 a mako, wata da watanni, a babban asibiti.

Wurin tabon ba ya jure rana. In za a gona, a rufe shi.