Siririn Abu, Doguwar Tafiya

Aikin rediyo ya koya mini tsoron cewa "nan ba da jimawa ba". Mukan faɗe ta a labaran kimiyya mu wuce, mai sauraro kuwa ya riƙe ta, shekaru su shuɗe yana jira. Labarin girafin na cikin waɗanda nake auna harshena a kansu.

Baƙin da ke cikin fensir, wato girafayit, shimfiɗu ne na kabon a kan juna kamar shafukan littafi. A kowace shimfiɗa ƙwayoyin zarra sun riƙe juna gam, cikin tsari irin na saƙar zuma, amma tsakanin shimfiɗa da shimfiɗa riƙon sako-sako ne. Shi ya sa fensir ke rubutu: shimfiɗun ne ke saɓulewa su zauna a takarda. Kaurin milimita 1 na ɗauke da kusan miliyan 3. In ka zare ɗaya tak, ita ce girafin.

A 2004, a Jami'ar Mancesta ta Ingila, Andre Geim da Konstantin Novoselov suka yi ta liƙa salatef a girafayit suna ɓarewa har suka samo ta. A 2010 suka karɓi kyautar Nobel. Lantarki na gudu a cikinta fiye da yadda yake yi a silikon, kuma kashi 2.3 cikin 100 na haske kawai take sha. A 2013 Tarayyar Turai ta buɗe mata shirin bincike na shekara 10 da yuro biliyan 1.

To me ya hana ta ture silikon daga wayoyinmu? Tiransista makunni ne, amfaninsa a kunna shi a kashe. Wutar girafin kuwa ba ta yankewa sarai. Wa zai ajiye rediyon da ba ya kasuwa a ɗakin kwanansa? Wannan ya sa masana suka waiwayi 'yan'uwanta. A 2011, a birnin Lozan na Suwizalan, aka haɗa tiransista da shimfiɗa ɗaya ta molibdenayit, wadda ita tana kasuwa.

An ƙirƙiro tiransista a 1947, rediyon aljihu ya shiga kasuwa a 1954. Girafin ta haura shekara 20, har yanzu an fi samunta a gauraye cikin fenti, batir da kayan wasanni. Don haka idan na zauna gaban makirfo, nakan faɗi abin da aka gano da abin da ya gagara tukuna, in bar maganar rana. Mai sauraro zai yafe mini jinkirin masana, amma ba zai yafe mini alkawarin da ba nawa ba.