A Bari Ya Huce Shi Ke Kawo Rabon Wani

Yau labarin wani faifan waƙa na Turawa zan ba ku, domin shi ya tona mini wani ciwo da na daɗe ina ɓoyewa.

A birnin Manchesta na ƙasar Ingila an yi wasu samari huɗu makaɗa da ake kira The Stone Roses. Irin kiɗan nan na jita da ganguna suke yi, wanda ƙananan kamfanoni masu zaman kansu kan buga. A shekarar 1989 suka fitar da faifansu na farko, ya kuwa karɓu ƙwarai. Daga nan sai shiru. Da farko shari'a ce da kamfanin Silvertone ta riƙe su, har suka yi nasara a 1991, suka koma babban kamfanin Geffen na Amurka. Amma faifai na biyu, mai suna Second Coming, bai fito ba sai watan Disamba na 1994. Kafin nan Oasis, 'yan garinsu, sun riga sun ja hankalin jama'a. Faifan ya kai matsayi na 4 a jerin ciniki na Ingila, duk da haka masu sharhi da yawa suka ce bai kai na farin ba. Mai ganga ya fita a 1995, mai jita ya bi shi a 1996, ƙungiya ta watse.

To, ni mene ne nawa a ciki? Na taɓa rubuta wani dogon rahoto da ya jawo mini yabo, har edita ya ce in kawo ci gabansa. Sai tsoro ya kama ni, kada na biyun ya kasa na farko. Kullum in rubuta in soke, ina cewa bincike bai kammala ba. Wata rana na buɗe wata jarida, sai ga labarin nan wani ya riga ni.

Da na saurari Second Coming da kunnen basira, sai na ji ba mummunan aiki ba ne. Jitar da ke cikin waƙar Love Spreads kaɗai ta isa shaida. Laifinsa shi ne ya zo a makare, bayan jama'a sun shekara biyar suna gina masa gidan da babu faifan da zai iya cika shi.

Yabo bashi ne, kuma jinkiri ƙara masa nauyi yake yi. Jiya na ɗauko tsofaffin takarduna na kakkaɓe. Allah ya sa mu dace.