Gashi ya tsiro, gajiya ba ta tafi ba

Sai da na yi wata 5 a gida bayan aikin da aka yi mini a kai kafin na koma asibiti bakin aikina na jinya. Wata jijiyar jini ce ta yi rauni a ƙwaƙwalwata, ta kumbura kamar balan-balan, ta fashe. Ciwon kan ya zo farat ɗaya, ban taɓa jin irinsa ba. 'Yan'uwa mata, irin wannan ba na Panadol ba ne, asibiti ake nufa nan take. Likitoci suka buɗe ƙoƙon kai, suka matse wuyan kumburin da ɗan ƙarfe. Na yi kwana 21 ina shan nimodipine duk bayan awa 4, har tsakar dare.

Ɗinki ya warke, ɗankwali ya rufe tabo, masu cewa "ya jiki?" suka daina. Amma gajiyar tana nan, irin wadda barci ba ya maganinta. Kukan jarirai biyu a lokaci ɗaya sai ya rikita ni, ni da na yi shekaru a ɗakin yara. Lissafin maganin da a da nake yi da ka, yanzu sai na rubuta, abokiyar aiki ta sake dubawa. Wata ta yi mini kallon mai son jiki da na roƙi a cire ni daga aikin dare. Ban janye ba.

A gida ma, bayan la'asar nakan rufe ƙofa na minti 30. Autana ya san dokar, amma yakan turo yatsunsa ta ƙasan ƙofar.