Wa Ya Biya Bashin Ɗan Alƙali?

Shirin Your Honor ya fara fita a tashar Showtime ta Amurka a watan Disamba na 2020, amma bai iso wayoyinmu ba sai daga baya, kamar yadda finafinan waje suka saba iso mana: wani ya kalla, ya ba wani labari, kafin mako biyu kowa a ofis maganarsa yake yi. Mu ma'aikatan wani ƙaramin kamfanin rubuta manhaja ne, yawancinmu 'yan shekara talatin da ɗoriya, wasu da 'ya'ya, wasu ko aure ba su yi ba. Mun kalli kashi goma na zangon farko, kuma musun da ya biyo baya ya fi kallon daɗewa. Wanda bai kalla ba ya yi mana haƙuri, don za mu faɗi ƙarshen labarin.

A birnin New Orleans abin ya faru. Adam, ɗan shekara 17, yana tuƙa motar marigayiya mahaifiyarsa sai ciwon asma ya taso masa. Garin laluben abin shaƙa ya kaɗe wani yaro sa'arsa a kan babur. Ya fito, ya yi ƙoƙarin ceto shi, ya kira lambar gaggawa amma numfashi ya hana shi magana. Yaron ya cika a gabansa, shi kuwa ya gudu. Mahaifinsa Michael Desiato, wanda Bryan Cranston ya fito a matsayinsa, alƙali ne da aka sani da gaskiya. Da kansa ya ɗauki ɗan nasa zuwa ofishin 'yan sanda. A can ya hango iyayen mamacin, ya gane cewa uban shi ne Jimmy Baxter, shugaban gungun miyagun da duk birnin ke tsoro. Sai alƙali ya juya da ɗansa suka koma gida.

Labarin ba na Amurkawa ba ne tun asali. Daga wani shirin Isra'ila mai suna Kvodo na 2017 aka ɗauko shi, kuma an sake yin sa a Indiya da Faransa da Jamus da Italiya da Turkiyya da Koriya ta Kudu. Dalilin yawon nasa a fili yake: ko'ina akwai titi, akwai uba, akwai mai ƙarfin da ake tsoro. Ko'ina kuma tambayar da masu kallo ke yi wa juna ɗaya ce: da ɗanka ne, ya za ka yi?

A wajenmu amsoshin sun rabu gida uku. Masu 'ya'ya a cikinmu suka ce babu abin tattaunawa, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. A ganinsu alƙalin bai guje wa shari'a ba, kisa ya guje wa, domin Baxter ba zai jira kotu ba. Kashi na biyu suka ce wanda ya yi shekaru yana tura 'ya'yan mutane gidan yari ba shi da bakin cewa nasa ɗan daban ne. Kashi na uku, kuma su suka fi yawa, ba uban ne ya dame su ba. Haushin Adam suke ji. Me ya mayar da shi wurin da abin ya faru? Me ya sa ya faɗa wa budurwarsa? Duk 'yan matan garin, sai 'yar'uwar mamacin zai so? Ba mu kaɗai ba ne, masu kallo da yawa a wasu ƙasashe sun yi wannan ƙorafi, cewa yaron sakarai ne, yana ɓata wa ubansa shiri.

Wannan ƙorafi na uku shi ya fi tsaya mana a rai. Idan aka duba da kyau, laifin da ake ɗora wa Adam shi ne bai iya ɓoye laifi ba. Yaro ne da ya ga mutum ya mutu a hannunsa, barci ya gagare shi, zuciyarsa na ta jan sa zuwa ga mutanen da ya cuta. A rayuwa ta zahiri wannan muke kira sauran imani. Amma shirin ya zaunar da mai kallo a kujerar uban, yana lissafin kyamarar gidan mai da tabon jini da wayar da aka jefa a kogi, har ya zama duk wanda ya kusanci gaskiya abokin gaba ne.

Sana'armu ta koya mana wani abu da ya shafi wannan. Idan manhaja ta ci karo da kuskure, mai rubuta ta yana da zaɓi biyu. Ko ya bar ta ta tsaya ta sanar cewa ga matsala a wuri kaza, ko ya rubuta layi biyu da za su haɗiye kuskuren, komai ya ci gaba kamar lafiya lau. Sabon shiga yana son hanya ta biyu, domin allon yana fita tsaf, maigida ba ya faɗa. Wanda ya daɗe a aikin ya san kuskuren da aka haɗiye bai tafi ko'ina ba. Yana bin bayanai ya gangara, ya je ya fashe a wani sashe mai nisa, a hannun wanda bai san hawa ba bai san sauka ba: ma'aikacin da albashinsa ya zo a gutsure, ko 'yar kasuwar da aka cire wa kuɗi sau biyu. Shi ya sa tambayar farko da muke yi idan muka ga an rufe matsala ita ce, a kan wa za ta faɗo?

A shirin, a kan Kofi Jones ta faɗo. Alƙali ya roƙi amininsa Charlie ya ɓatar da motar. Charlie ya bi ta hannun wasu, aikin ya gangara har kan Kofi, matashi baƙar fata daga unguwar talakawa, wanda aka ce ya sace mota kawai. 'Yan sanda suka kama shi a cikinta, aka matsa masa ya amsa laifin kaɗe yaron. A gidan yari Carlo, yayan mamacin, ya kashe shi. Daga nan mutanen Baxter suka tarwatsa gidansu, mahaifiyarsa da ƙannensa suka mutu, ƙaninsa Eugene kaɗai ya tsira. Abin da ya fi ciwo, wannan uwa ita ce matar da alƙalin ya kuɓutar a kashi na farko, lokacin da ya je har ƙofar gidanta ya tabbatar cewa ɗan sandan da ke ba da shaida a kanta ƙarya yake yi. Mutumin da ya cece ta da gaskiyarsa, ƙaryarsa ce ta yi ajalinta.

Duk da haka, a musun da masu kallo ke yi, ba kasafai sunan Kofi ke fitowa ba. Tambayar "da ɗanka ne" ta riga ta zaɓa wa kowa matsayi. Kowa ya ɗauki kansa alƙali, mai aboki ɗan siyasa da sanayya a ofishin 'yan sanda. Alhali idan muka dubi gidajen da muka fito, yawancinmu mun fi kusa da gidan su Kofi.

Wani a cikinmu ya kalli shirin tare da mahaifiyarsa, yana fassara mata. Da aka zo ƙarshe, inda Eugene ya harbi Carlo harsashin ya kuskure ya sami Adam, ya mutu a hannun ubansa, sai ya ce, "Hajiya, kin ga duk wahalar da ya sha ta tashi a banza." Ta ce, "Kai dai uban kake gani. Ita waccan baiwar Allah da aka ƙone da 'ya'yanta, wa ya yi mata kuka?" Da ya kawo mana wannan magana washegari, ofis ya yi tsit na ɗan lokaci.

Ba mu raina tsoron alƙalin ba, domin mun san irinsa a titunanmu. Direba da yawa da ya kaɗe mutum ba hukuma yake gudu ba, taron jama'a yake gudu, waɗanda kan yanke hukunci kafin a san yadda aka yi. Shi ya sa direbobi ke gaya wa yaransu cewa idan wuri ya rikice, su wuce kai tsaye ofishin 'yan sanda mafi kusa su miƙa kansu. Hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya ma tana da lambar gaggawa, 122. Tsira da rai daban, shafe sawu daban. Kuma mun taso mun san kisan kuskure yana da mafita: a amsa, a nemi yafiyar dangi, a biya diyya, a yi kaffara. Hanya ce mai nauyi, amma nauyin yana kan wanda ya yi da danginsa, ba a ɗora wa ɗan maƙwabci ba. Duk al'ummar da taron titi ko mai ƙarfi ya toshe wa wannan hanya, tana tura mutanen kirki ga ƙarya ne, sannan marasa gata su biya.

Hatsarin da Adam ya yi rai ɗaya ya ci, kuma babu niyya a cikinsa. Duk sauran gawarwakin shirin sun biyo bayan shawarar da wani mai ilimi ya yanke ne da hankalinsa, don ƙaunar ɗansa. Har yanzu masu 'ya'ya a cikinmu suna nan a kan bakansu cewa da su ne za su juya daga ƙofar 'yan sanda, kuma ba mu da hujjar cewa ƙarya suke yi. Abin da ya sauya shi ne, yanzu duk wanda ya faɗi haka sai an tambaye shi ɗan wa zai aika ya ɗauke motar.