Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Allurar Fenisilin

Daga Danko nake rubuto miki, nan ƙasar Zuru. Na san ba ki ƙaura ba, har yanzu ana ganin kwalbarki a kemis, kuma akwai cututtukan da suke shakkarki. Abin da ya kuɓuce mana shi ne kwarjininki. Dattawa suna ba da labarin zamanin da kike tashin mai ciwon huhu daga tabarma, ki busar da gyambon da ya shekara yana ruwa, ki raba saurayi da ciwon sanyi ba tare da gari ya ji ba. Saboda ke ne har gobe mutumin ƙauye yake ganin ba a yi masa magani ba in ba a tsira masa allura ba.

Wanda ya gano ki a Landan a 1928, Alexander Fleming, ya hango wannan rana. Da ya je karɓar kyautar Nobel a 1945, ya ja kunne cewa in mutum ya sha abin da bai kai ƙa'ida ba, ƙwayoyin cuta za su saba da ke. Haka kuwa aka yi. Magani rabi-rabi yana kashe raunanan ƙwayoyi ne, ya bar masu taurin kai su hayayyafa, har su ba wasu ƙwayoyin sirrin bijirewa.

Mu kuma nan mun taya su aiki, da ke da ƙannenki duka. Mai mura ya je kemis ya ce a haɗa masa, a zuba masa kafso ja-da-yalo guda biyu, alhali mura ba ta jin wannan magani ko kaɗan. Jariri bai kwana bakwai a duniya ba an fara ɗiga masa Ampiclox. Kowane zazzaɓi sunansa "maleriya da taifot". Ana fasa kafso a barbaɗa a ciwo. Mai talla yana yawo da su a faranti ranar kasuwa, rana tana dukansu. A rugage kuwa ana yi wa saniya allurar da aka sayo a kasuwar Bena ko Ribah, washegari a tatsi nononta a kai gari. Masu kaji suna zuba magani a ruwan sha tun kajin suna lafiya lau.

Amma kada ki ɗauka wauta ce zalla. Wanda ya sayi kafso biyu, kuɗin biyu ne a aljihunsa. Wadda ta tsaya a kemis ta san halin da hanya take ciki da 'yan bindiga, ga kuɗin babur zuwa Zuru. Gwajin da zai nuna wace ƙwaya ce da wane magani take ji, sai manyan asibitoci irin na Birnin Kebbi ko Sakkwato. Sai ma'aikacin lafiya ya rubuta da ka, in bai yi ba ya hau na gaba, har a kai ga allura mai tsada wadda ya kamata a adana don ranar wuya.

Duniya ta farga, ko da yake a makare. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya nuna mutum miliyan 1.27 ne bijirewar ƙwayoyin cuta ta kashe kai tsaye a 2019, kuma yammacin Afirka ne ya fi ko'ina jin jiki idan aka auna da yawan jama'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarinta na yaƙi da wannan matsala a 2015, ta kasa magunguna gida uku a 2017: na yau da kullum, na taka tsantsan, da na ajiya. A Satumbar 2024 shugabanni a Majalisar Ɗinkin Duniya suka yi alkawarin rage mace-macen da kashi 10 cikin 100 kafin 2030. Najeriya ma tana da nata kundin tun 2017, an sabunta shi a 2024. Duk Nuwamba, daga 18 zuwa 24, ana makon wayar da kai, galibi a otel-otel na Abuja.

Takarda dai ta yi kyau, sai dai ba ta iso Danko ba. A ce wa talaka ya rage shan magani alhali ruwan rafi yake sha, kamar a ce wa mai ɗakin da ke yoyo ya daina shanya tabarma ne. Rijiyar burtsatse, masai mai tsafta da rigakafin yara sun fi kowace fosta kare miki mutunci, domin wanda bai kamu ba ba ya neman kafso.

Ke kam ba za ki dawo yadda kike ba, sababbin magunguna kuma ba sa fitowa da sauri. Don haka roƙona ga gwamnatin Kebbi da ƙaramar hukumar Danko-Wasagu ne: a kawo ɗakin gwaji kusa, a horar da masu kemis tunda su ne likitocin da muke da su, a turo malaman dabbobi rugage. Kai kuma mai karatu, in mura ce ka haƙura da kafso, in an rubuta maka magani ka saye shi cikakke, ka sha yadda aka ce.